Dutsena a Layi

Ana idar da isha'i na zare dutse ɗaya daga murhu,
na kai shi layi, ƙofar makarantar Aboabo.
Goma sha shida sun riga shi:
rabin bulo, warin takalmi, galan mai warin kananzir,
kujerar tsugunon Mma Fulera,
da wata taya da ba a san mai ita ba.
Haka suka kwana a jere, babu mai tsallake wani.
Duwatsun garin nan sun fi mu iya bin layi.

Da asuba na dama koko kamar kullum,
ciki bai san ranar zaɓe ba.
Tukunya a karkace, na tokare ta da gwangwani.
Na bar wa Zuwera ludayi,
na ce kada ta ba Seidu bashi ko ya dafa Ƙur'ani.
Na ƙulle katina a haɓar zane,
na je na yi wa dutse sannu da tsayuwa, na karɓe shi.

Makon jiya sun zo mana,
masu wannan launi da hantsi, masu wancan da la'asar.
Kowa ya hau gadar katako, ya toshe hanci,
ya rantse bana zai rufe kwatar
da ta tafi da katifata damina biyu.
Kowa ya bar mini riga mai fuskarsa.
Ta farko ina tace gasara da ita,
ta biyu ina sauke tukunya.

Da layi ya iso kaina, na'ura ta ce ba ta san ni ba.
Na ɗora yatsa, ta yi shiru.
Na canza hannu, ta yi ja.
Shekara ashirin da uku na wuta da bakin tukunya
sun lashe zanen da Allah ya yi mini.
Wani a baya ya yi ƙasa da murya cikin Asantanci:
anya ma 'yar ƙasa ce?
Kafin in juya, Maame Adwoa mai dokunu
ta sauke masa kwandon magana.
Ni dai na ce masa da harshensa:
kakana ya zo da kanwa, ya sayi goro, bai koma ba,
yana kwance a Tafo,
je ka tambaye shi takarda.

Yarinyar da ke riƙe da na'urar,
wadda ta sha kokona tun tana sa kayan makaranta,
ta ce, Mma, goga yatsan a goshi.
Na goga. Na ɗora.
Gumi ya shaide ni.

Cikin akurkin kwali ni kaɗai ce.
Babu mai gida, babu mai unguwa, babu mai riga.
Fuskoki a jere suna mini murmushi
kamar masu neman bashi.
Na daɗe. Na dangwala.
Kada ku tambaye ni, ko Zuwera ban gaya wa ba.

Magariba aka juye akwati a kan tebur,
samari suka haska da wayoyinsu,
muka ƙirga da baki ɗaya, Hausa da Asantanci da Turanci,
har da yaran da ba su kai zaɓe ba.
Ɗari biyu da tara. Ɗari da casa'in da huɗu.
Bakwai sun lalace, an shafa musu tawada har kunne.
Nawa bai ci a nan ba.
Seidu ya zagaya ni da rawa, bashina a cikinsa.

Na dawo ta ƙofar makaranta.
An kwashe takalmi, an kwashe galan, mai taya ya bayyana.
Dutsena na nan, baƙi ƙirin, wani ya tofa masa goro.
Na ɗauke shi da hannun mai tawada.
Gobe akwai koko,
kuma kwata tana nan inda na bar ta.